An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk saurayin da ya tashi a Kasuwar Daji ya san ba a sayen hatsi da kallon bakin buhu. Sai an zura hannu har ƙasa an ɗebo, domin mai algus a sama yake zuba mai kyau. Ya san ba a sayen sa da kirarin dillali, sai an buɗe bakinsa an ga haƙori, an kora shi an ga tafiya. Yaron da ko gemu bai fara ba yana iya gane tiyar da aka bubbuge wa gindi. To amma abin takaici shi ne, wannan saurayi da ba a iya cutarsa a kan tiyar gero, shi ne zai tsaya a rana tun hantsi har la'asar, ɗan siyasa ya auna masa magana da ɓarauniyar tiya, ya karɓa da kabbara, ya koma majalisa yana maimaita ta kamar karatun allo, har ya ɓata da ɗan uwansa na jini a kanta.

Ba ƙarya tsagwaronta ake nufi a nan ba. Ita ba ta da wuyar kamu: an ce an gina asibiti, sai a je a duba. Abin da ya fi ta haɗari shi ne wanda malaman Musulunci suka kira mugalaɗa, wato maganar da ta sa rigar hujja alhali kuwa ba hujja ba ce. Sau da yawa ma da gaskiya ake gina ta. Mai magana zai kawo zance na farko gaskiya, na biyu gaskiya, sannan ya yi tsalle ya dira a kan wani hukunci wanda zantukan nan biyu ba su haife shi ba. Shi kuwa mai sauraro, da yake ya riga ya gyaɗa kai sau biyu, sai ya gyaɗa na uku bai sani ba.

Kada wani ɗan uwa ya ɗauka cewa auna magana ta wannan hanya ilimin 'yan boko ne. Fanni ne da ake kira Manɗiƙi, kuma ya daɗe a zaurukan ƙasar Hausa. Shaihu Muhammad bin Abdulkarim Al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kansa, har ya mayar wa Imam Suyuɗi martani lokacin da shi Suyuɗin ya hana karanta shi. Shaihu Abdurrahman Al-Akhdari, mai littafin Ahalari da kowane ɗalibi ke fara sanin tsarki da salla da shi, shi ne kuma ya wallafa Sullam a kan Manɗiƙi, inda ya rarrabe hujja yankakkiya da zancen burge jama'a da kuma zancen yaudara. Ke nan malamin da ya koya wa almajiri yadda zai gane ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, bai bar shi ba sai da ya koya masa yadda zai gane maganar da ta cancanci a gina hukunci a kanta. Sai aka riƙe na farko aka saki na biyu.

Wanda ya fara wannan sana'a shi ne Iblis, la'ananne. An umurce shi da sujada, sai ya kawo cewa shi da wuta aka halicce shi, Adamu (AS) kuwa da laka. Duka biyun gaskiya ne. Amma ina dalilin da ya nuna cewa asalin halitta shi ne ma'aunin daraja, balle har ya kai ga ture umurnin Allah (T)? Wannan ya ɓoye shi bai kawo ba. Fir'auna ya ɗora daga nan. Annabi Musa (AS) ya zo masa da magana guda, cewa ya saki Banu Isra'ila. Maimakon ya amsa ta, sai ya shiga gorin cewa a gidansa aka yi renon Musa, ya tono mutumin da ya mutu a hannunsa, ya kira shi mahaukaci, ya kira shi matsafi, daga ƙarshe ya yi barazanar kurkuku. Ko sau ɗaya bai taɓa ainihin batun ba. Wannan shi ne barin jaki a daki taiki, kuma har yau masu mulki ba su ƙirƙiro wata dabara da ta wuce ta ba.

Mutanen arewacin Zamfara sun ga misalin da bai kamata su manta ba. A watan Disambar 2016 cutar sanƙarau ta ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi. Sai a watan Fabrairun 2017 ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. Kafin a shawo kan annobar a watan Yuni, an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. A farkon watan Afrilun 2017, ana tsakiyar binne gawarwaki, gwamna na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida a Abuja cewa annobar horo ne daga Allah saboda saɓon da mutane suka dulmuya a ciki, irin su zina, yana mai nuni da cewa an saba da nau'in A mai allura, sai ga nau'in C ya zo. Daga baya muƙarrabansa suka ce ba a fahimce shi ba ne. To amma maganar ta riga ta shiga kasuwanni da majalisu, kuma da yawa daga masu son addini suka ce ai gaskiya ya faɗa.

A nan ne ake bukatar zura hannu ƙasan buhu. Cewa saɓo yana jawo bala'i, babu Musulmin da ke musun wannan. Cewa akwai saɓo a cikin al'umma, shi ma ba abin musu ba ne. Amma hukuncin da ake son mai sauraro ya tafi da shi gida shi ne: wannan annoba takamaimai, saboda zunubin waɗannan mutane takamaimai ta sauka, saboda haka kada a tambayi gwamnati komai. Wane wahayi ne ya sauka da wannan? Waɗanda cutar ta fi kamawa yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14, da yawansu alƙalami bai ma hau kansu ba. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta auka wa Musulmi a ƙasar Sham, ta ɗauke Abu Ubaida bin Jarrah (RA), ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ta ɗauke Mu'azu bin Jabal (RA). Wane ne zai buɗe baki ya ce zina ce ta kashe su? Kuma me shugabannin wancan lokaci suka yi? Halifa Umar (RA) ya fasa shiga Sham ya juya da jama'arsa, Amru bin Asi (RA) kuma ya umurci mutane su watsu cikin duwatsu su daina cunkuso. Sun yi imani da ƙaddara fiye da kowane gwamna, amma ba su mayar da ita mafakar sakaci ba.

Sanƙarau ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lokacinta sananne ne, daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, kuma tana yaɗuwa ne ta numfashi a ɗakunan da mutane suka yi yawa iska ta yi kaɗan. A 1996 ta kashe dubban mutane a Arewa. Allurar nau'in C kuma ba wai babu ita a duniya ba ne, domin cikin wannan wata na Afrilu aka fara yi wa mutane ita a Zamfara. Ashe tambayar da ta dace ita ce, me ya sa aka kwashe kimanin wata biyu tsakanin Zurmi da sanar da Abuja, kuma wane hali asibitocin Zurmi da Shinkafi da Kaura suke ciki lokacin da aka fara kai yara wuyansu a sandare? Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya fito fili a Kaduna ya ce wannan magana ba daidai ba ce a Musulunce, a je a nemo allura. Wani abin lura kuma, idan har za a lissafa zunubban da ke jawo fushin Allah, to cin amanar talakawa da danne haƙƙin marasa lafiya ai suna cikin manya. Mai mulki ya lissafa zunubin talaka ya tsallake nasa. Laifi tudu ne.

Mugalaɗar da aka naɗa wa rawani ita ce ta fi cin matasa masu kishin addini, domin ta ƙofar da suka fi so take shigo musu. A ranar 27 ga Oktobar 1999 Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a watan Janairun 2000. Daga nan sai aka haɗe abubuwa biyu aka ba su suna ɗaya: Shari'a da gwamna. Duk wanda ya tambayi inda kuɗin jiha ke tafiya, sai a ce maƙiyin Shari'a ne. Alhali Shari'a hukuncin Allah ce wadda ba a tuhumarta, gwamna kuwa ɗan Adam ne wanda ita Shari'ar ce ma ta fara wajabta a bincike shi. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani talaka mutumin Jangebe saboda satar saniya. Har aka gama shekara takwas ba a ji an yi wa wani mai riƙe da baitulmali irin wannan hukunci ba. A 2006 shugaban hukumar EFCC, Nuhu Ribadu, ya ambaci gwamnan a gaban Majalisar Dattawa cikin waɗanda ake bincike. Shi ma wannan zargi ne, ba hukunci ba, kuma wanda ya mayar da shi hukunci ya faɗa ramin da yake zargin wasu. Amma dai tambaya ce da ya kamata masu son Shari'a su riga kowa yin ta, sai ga shi an sa sun zama masu gadin ƙofa don kada a yi ta.

Ba 'yan siyasa kaɗai ke da wannan ciwo ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye hakan. Ɗan uwan da aka kawo masa hujja sai ya ce ai mai maganar ɗan ƙungiya kaza ne, ya juya baya, aikin Fir'auna ya yi ko da kuwa yana tsammanin kishin addini ne. Haka wanda ke kafa hujja da cewa taronsu ya fi na kowa cika, ya manta cewa filin ɗan siyasa ma yana cika, da kuɗin mota da na abinci. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sai batun da ya hana kowa barci, wato ɓarayin daji. Shekara da shekaru ana ajiye wa talaka ƙofa biyu a ce ya zaɓi ɗaya: ko sulhu ko yaƙi. Bello Matawalle, wanda ya hau mulki a 2019 bayan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC, da sulhu ya fara, har a 2020 ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindigar AK-47. A lokacin, mai shakkar sulhu sai a ce masa to jini kake so a ci gaba da zubarwa? A watan Satumbar 2021 sai gwamnatin nan dai ta juya: aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. A wannan karon kuma, mai ƙorafi sai a ce masa to ɓarayi kake goyon baya? Mutanen Kasuwar Daji da na Shinkafi, waɗanda kasuwa ce gonarsu ta biyu, su suka san abin da suka sha. Dalilin da aka bayar shi ne ɓarayi a kasuwa suke sayen abinci su sayar da shanun sata. Gaskiya ne. Amma daga wannan zuwa cewa rufe kasuwa zai gama da su, akwai tazarar da ba a cike ba, domin mai bindiga da babur ba ya zama yunwa ta kashe shi. A watan Oktoban wannan shekara aka kashe sama da mutum 40 a kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato, a watan Janairun 2022 kuma aka yi kisan ƙare dangi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnati ta ce mutum 58, mazauna yankin suka ce sun kai 200.

Amfanin ƙofa biyun nan ga mai mulki shi ne suna rufe sauran ƙofofin. Mutum nawa aka kama, nawa aka gurfanar gaban alƙali, nawa aka yanke wa hukunci? Wa ya sayar da burtali da mashaya aka mayar da su gonakin manya? Ta ina harsashi ke shigowa, alhali an san Zurmi tana iyaka da Nijar? Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da ke bukatar mutum ya zama ɗan sulhu ko ɗan yaƙi kafin ya yi ta.

Akwai kuma wadda ta fi duka zubar da jini, kuma matasa ne ake ba wa adda su aiwatar da ita. Ɓarayin da suka tare hanya Fulani ne, saboda haka duk Bafulatani ɓarawo ne. Da wannan lissafi 'yan sa-kai suka riƙa kama makiyaya a kasuwannin Zamfara suna kashewa ba alƙali ba shaida. Shi kuma Bello Turji da ire-irensa suka ɗauki lissafin nan suka kifa shi: 'yan sa-kai sun kashe Fulani, 'yan sa-kai daga ƙauyukan Hausawa suke, saboda haka jinin duk ɗan ƙauye ya halatta. Ko a wasiƙar da ya aika wa Shugaban Ƙasa da gwamna da Sarkin Shinkafi a watan Disambar 2021, 'yan sa-kai ya sa a gaba. Zaluncin da aka yi wa wani makiyayi gaskiya ne, amma ba ya zama lasisin ƙone rumbun tsohuwar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ɓangarorin biyu suna gaba da juna, amma malaminsu a wannan ƙiyasi ɗaya ne. Musulunci kuwa mutum yake kamawa da laifinsa, ba ya kama dangi. Garin Kaura Namoda kansa sunan Namoda yake ɗauke da shi, Bafulatani daga Alibawa, ɗaya daga cikin jaruman jihadin Shehu Usmanu da suka ci Alƙalawa a 1808. Sannan lokacin da gwamnatin jiha ta tuɓe Sarkin Zurmi da na Ɗansadau a watan Afrilun 2022 bisa zargin hannu a ta'asar, ai ta nuna da kanta cewa ba a ruga kaɗai ake neman masu laifi ba.

Su kuwa gwamnoni suna da wata amsa da suke gadar wa juna. A 2018 Yari ya ce ya ajiye matsayinsa na babban jami'in tsaron jiha domin ba shi da iko da sojoji da 'yan sanda. A 2025 Dauda Lawal, wanda ya ci zaɓen 2023, ya ce da jami'an tsaro suna karɓar umurninsa da ya gama da ɓarayin cikin wata biyu. Cewa soja da ɗan sanda na Tarayya ne, haka tsarin mulkin 1999 ya tanada. Amma wannan tsarin mulki yana nan lokacin da ake yawon kamfe ana alƙawarin tsaro, ba bayan rantsarwa aka rubuta shi ba. Sannan alƙawarin da aka rataya a kan sharaɗin da mai yin sa ya san ba za a cika ba, babu ranar da za a iya gwada shi, kamar mai cewa da yana da fiffike da ya riga shaho Gusau. Abin da ake iya gwadawa shi ne abin da ke hannunsa: kuɗin tsaro da ake warewa, kotunan jiha, makarantu, filayen kiwo.

A watan Fabrairun 2024 ɓarayi suka shiga Kasuwar Daji, suka kashe mutane har da 'yan sanda, suka kora kimanin mutum 40 daji. A watan Satumbar wannan shekara Gwamna Dauda Lawal ya fito a talabijin ya zargi Matawalle, wanda aka naɗa ƙaramin ministan tsaro a 2023, da hannu a harkar ɓarayin. Matawalle ya musanta, ya ce shi ya taɓa rantsewa da Alƙur'ani cewa ba shi da hannu, ya ƙalubalanci masu zarginsa su ma su rantse. Nan take matasa suka rabu biyu, waɗannan na cewa wanda ya dafa Alƙur'ani ya wanku, waɗancan na cewa gwamna guda ba zai faɗi abin da bai sani ba. Duka biyun sun auna da ɓarauniyar tiya. Ƙa'idar Shari'a sananniya ce: hujja tana wuyan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, kuma a gaban alƙali ake yin wannan, ba a gaban kyamara ba. Kujerar mai zargi ba ta zama shaida, idan yana da takardu kotu ce wurinsu. Rantsuwar wanda ake zargi tsakaninsa da Allah ce, ba ta hana bincike, kuma ƙin rantsuwar wani a talabijin ba ya tabbatar da laifinsa. Wata bakwai ke nan bayan an kora mata da yara daga Kasuwar Daji, abin da manyan jihar suka zauna suna jayayya a kai shi ne wane ne zai dafa Alƙur'ani.